Zaɓen Hanyar Koyarwa da Kayan Karatu na Ilimin Zaman Jama'a a Ajin Gaba: Misalin Gure

Ilimin zaman jama'a shi ne fannin karatun da ya haɗa tarihi, da labarin ƙasa, da sanin dokoki da hukumomi, da kuma yadda mutane suke neman abinci suna rabon ƙasa da ruwa a tsakaninsu. A cibiyoyin yaƙi da jahilci ba a shiga cikinsa sosai sai a ajin gaba, wato bayan mutum ya iya karanta shafi guda ba tare da tuntuɓe ba, ya iya rubuta wasiƙa, ya kuma iya tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa. An shirya wannan bayani ne domin ku manya masu karatu da kuka kai wannan mataki, da malamanku, da kwamitocin da ke kula da cibiyoyinku, musamman a gundumar Gure ta jahar Damagaram.

Wani zai ce zaɓen littafi da hanyar koyarwa aikin malami ne da jami'an ilimi, ba ruwan ɗalibi. A lakwal ta yara haka abin yake, amma a ajin manya ba haka ba ne. Magidancin da ya bar garka ko kasuwa, da matar da ta ajiye daka da ɗiban ruwa domin ta zo ta zauna awa biyu, sun biya kuɗin karatun da lokacinsu, don haka suna da bakin magana a kan abin da za a koya musu. In darasi bai yi musu amfani ba, ba za su yi gardama da kowa ba, ƙafa kawai za su ɗauke. Wanda kuwa ya bar karatu a wannan gaɓa, ba shi da abin karantawa a gida, bayan damina biyu ko uku sai baƙaƙen su fara ɓace masa, wahalar da ya sha a ajin farko ta tashi a banza. Ajin gaba shi ne wurin da karatu yake kama ƙasa ko ya zube.

Tambayar da ake farawa da ita

Kafin a tambayi wane littafi ne ya fi kyau, sai a tambayi wannan: in an rufe cibiya a ƙarshen rani, me ɗalibi zai iya yi da hannunsa da bakinsa wanda da bai iya ba? Amsar ta kasance abin da ake gani. Misali, ya iya karanta takardar shaidar sayen gona ya gane ko an rubuta iyakokinta daidai. Ya iya nuna ƙauyensu da rijiyarsu da burtali a kan taswira. Ta iya zuwa ofishin magajin gari ta nemi takardar haihuwar ɗanta, ta san kuma cewa dokar 2019 ta ba da kwana 60 domin a kai sanarwar haihuwa. Ya iya tsayawa a taron gari ya kawo hujja da shekara da adadi, maimakon ya ce wai an ce.

In aka rubuta irin waɗannan amsoshi guda biyar ko shida a bango tun ranar farko, sauran zaɓen yana sauƙi, domin kowane littafi da kowace dabara da su za a auna su. Littafin da ya cika da sunayen kogunan Turai amma bai taimaka ko da ɗaya daga cikin amsoshin ba, a ajiye shi a akwati domin mai sha'awa ya ara, kada a gina darasi a kansa.

Littafin farko shi ne ƙasar Gure

Garin Gure yana kan babbar hanya ta ɗaya wadda ta tashi daga Yamai ta bi ta Damagaram ta nufi Difa, sama da kilomita 160 gabas da birnin Damagaram. Gundumar ta ƙunshi ƙananan hukumomi shida: Gure, Alakos, Bune, Gamu, Gidigir da Kelle. Taskar tana cikinta da, sai a 2011 aka mayar da ita gunduma mai zaman kanta. Ruwan sama a nan bai cika wuce milimita 300 da wani abu ba a shekara, wata shekarar ma bai kai ba. A arewa akwai duwatsun Kutus, a kudu akwai duwatsun Muniyo da tuddan rairayi, kuma a tsakanin tuddan akwai kwaruruka masu ruwa kusa, inda ake samun dabino da goriba da kayan garka da kanwa. Mangawa da Hausawa da Fulani da Tubawa da Buzaye da Larabawa duk suna cin kasuwa ɗaya.

Duk abin da manhajar ilimin zaman jama'a take nema yana cikin wannan ɗan bayani. Mai son koyar da hamada da gurgusowarta ba ya bukatar hoton wata ƙasa, ga tudun rairayi nan yana cin kwari a bayan gari, ga kuma shingayen kalimbo da na kaba da aka kakkafa domin tsayar da shi, irin aikin da shirin PLECO ya yi a gundumomin Gure da Maine-Sorowa. Mai son koyar da ciniki tsakanin ƙasashe sai ya bi buhun kanwa ko bisa guda daga kasuwar Gidigir har ya tsallaka iyakar Najeriya, a lissafa kuɗin mota da haraji da canjin sefa da naira.

Tarihi ma haka. Gure ita ce babban birnin Muniyo a ƙarni na 19, bayan Bune, kuma sarkinta, Muniyoma, yana bin Barno. Matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya sauka Gure a watan Disamba na 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, a zamanin Muniyoma Koso, ya kuma rubuta abin da ya gani. Daga baya, a zamanin Sarki Tanimu wanda ya rasu a 1884, ƙarfin Damagaram ya rufe Muniyo. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, birnin ya zama hedkwatar ƙasar daga 1911 zuwa 1926 kafin a koma Yamai. An kafa Jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958, aka sami ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Ɗalibin da ya jera waɗannan shekaru a kan igiya guda, ya saka haihuwar kakansa da ginin rijiyar garinsu a tsakaninsu, ya fahimci abin da ake nufi da tarihi fiye da wanda ya haddace shafi goma.

Ba ana cewa a tsaya a Gure kada a wuce ba. Daga nan ake tashi, a je jaha, a je ƙasa, a je Afirka da duniya. Mutumin da ya fahimci dalilin da ya sa gero yake tsada a watan Yuli a kasuwarsu, shi ne zai gane in an yi masa bayanin farashin man fetur ko na alkama a kasuwar duniya.

Hanyoyin koyarwa da abin da kowace take iyawa

Hanyar da kowa ya fi sani ita ce malami ya tsaya ya yi bayani, ya rubuta taƙaitawa a allo, ɗalibai su kwafa su haddace. Bai kamata a raina ta ba. Akwai abubuwan da ba a gano su ta hira: lambar doka, shekarar da aka yi abu, yawan jahohin Nijar guda takwas da sunayensu. Waɗannan sai an faɗa, an rubuta, an maimaita, kuma mutanenmu da suka yi makarantar allo suna da ƙarfin hadda wanda ya kamata a ci moriyarsa. Illarta ita ce in ta cinye awa biyun duka, dattijon da ya fi malami sanin tarihin gari sai ya zauna shiru kamar yaro, gobe kuma ba zai dawo ba. Minti goma sha biyar ko ashirin sun ishe ta a zama guda.

Akwai hanyar karatu don aiki, wadda ta yaɗu bayan taron ministocin ilimi da hukumar UNESCO ta kira a Teheran a 1965. Manufarta a ɗaura karatu a kan sana'ar mutum: mai noman gyaɗa ya koyi karanta sikeli da rasit, ɗan ƙungiyar haɗin kai ya koyi riƙe littafin kuɗi. Amfaninta a fili yake, mutum yana ganin ribar karatunsa nan take. Sai dai takan ƙuntata. Ta koya wa mutum yadda zai cika takarda, ba ta cika tambayar wa ya tsara takardar ba, ko me ya sa aka tsara ta haka, alhali wannan tambaya ita ce zuciyar ilimin zaman jama'a.

Wannan giɓi ne malamin nan ɗan ƙasar Barazil, Paulo Freire, ya nemi cikewa. A 1963, a garin Angikos, shi da abokan aikinsa suka koyar da manya kimanin 300 ta hanyar ɗauko kalmomi daga rayuwarsu, a tattauna matsalar da ke bayan kalmar kafin a rubuta ta. Daga tunaninsa ne ƙungiyar ActionAid ta fitar da hanyar Reflect, wadda aka gwada daga 1993 zuwa 1995 a Yuganda da Bangaladash da El Salbado, daga baya ta iso ƙasashenmu. A Reflect ba a farawa da littafi. Ɗalibai suna zama da'ira, su zana taswirar garinsu a ƙasa da tsakuwa da kara da toka, ko su tsara kalandar shekara su nuna watan yunwa da watan zazzaɓi da watan tafiya ci-rani, sannan a kwafe zanen a babbar takarda, a yi rubutu da lissafi a kansa, a yanke shawarar abin da za a yi. Ga labarin ƙasa da sanin tattalin gari, da wuya a sami hanyar da ta fi ta. Amma tana da sharaɗi mai nauyi: sai da malami mai horo, wanda ya iya tambaya ya kuma iya yin shiru. In babu shi, da'irar takan koma dandalin hira, a tashi ba a rubuta ko layi ɗaya ba. Kuma ilimin da ke cikin da'ira ba ya wuce na waɗanda suka zauna a cikinta, sai an shigo da sabon abu daga waje.

Sai kuma hanyar koyarwa ta matani, wadda ake taƙaita sunanta da PdT, wadda Antonio Faundez da Edivanda Mugrabi suka tsara, aka kuma yi aiki da ita a Nijar, musamman a jahar Tawa. Ita tana sa ɗalibi ya karanta cikakken rubutu iri-iri, ya kuma rubuta nasa: labari, bayani, wasiƙar koke, rubutun kawo hujja. Ga ajin gaba wannan ya dace ƙwarai, domin wanda ya rubuta shafi guda yana bayyana dalilin da ya sa kwarinsu yake bushewa, ya gyara shi sau biyu, ya riƙe ilimin da hannu biyu. Tsadarta ita ce tana cin lokaci da takarda, tana kuma bukatar malami mai zurfin karatu.

Shawarar da ta fi dacewa da cibiyoyin Gure ita ce kada a ɗaure wa hanya ɗaya gindi saboda sunanta ko saboda ita mai ba da tallafi ya zo da ita. A buɗe batu da zane da tattaunawa irin na Reflect, malami ya shigo da doka ko shekara ko adadi ta gajeren bayani, a rufe da rubutun da kowa zai yi da hannunsa. In malamin cibiya sabo ne, horonsa na makonni kaɗan ne, gara a ba shi littafin jagora mai darasi a tsare, ya riƙa ƙara tattaunawa sannu a hankali, da a ɗora masa hanyar da ta fi ƙarfinsa.

Misali guda: darasin gona da burtali

Ga yadda batu ɗaya zai iya ɗaukar zama shida ko bakwai. An zaɓi rikicin manoma da makiyaya ne domin babu ƙauyen da bai san shi ba, kuma kowace kaka yana iya jawo asarar dukiya, wani lokaci har da rai.

A zama na farko ɗalibai su fita fili su zana ƙasar garinsu: gonaki, makiyaya, rijiyoyi, tafki, burtali, da wuraren da aka taɓa yin faɗa. Za a yi gardama a kan inda burtali ya bi, kuma gardamar ita ce darasin, kada malami ya kashe ta da wuri. A zama na biyu a kwafe zanen a takarda, a koyi alamomin taswira da gabas da yamma da ma'auni, wato taki nawa a ƙasa ne ya zama ɗan yatsa guda a takarda. A na uku a gayyato dattijo daga manoma da dattijo daga makiyaya, kowanne ya faɗi yadda wurin yake kafin farin 1973 da 1974, da kuma bayan na 1984, wanda mutane da yawa suke kira El-Buhari. Ɗalibai biyu su rubuta abin da aka faɗa, a karanta wa masu maganar su tabbatar.

A zama na huɗu ne malami zai kawo doka. Akwai dokar 26 ga Mayu 1961 wadda ta shata iyakar noma ta arewa, ta bar abin da ke bayanta domin kiwo. Akwai dokar 2 ga Maris 1993 wadda ta kafa ginshiƙan kundin dokokin karkara, daga gare ta ne aka sami hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo, a matakin gunduma da na ƙaramar hukuma da na ƙauye. Akwai kuma dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010, wadda ta amince cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta kuma hana a toshe burtali. Ba a bukatar a karanta dokokin duka. Sakin layi uku ko huɗu da aka fassara da kyau sun isa, tare da bayanin cewa hukuma ce take sa ranar sakin gonaki kowace shekara, kuma ƙarar ɓarna tana farawa ne da sulhu a gaban mai gari ko hakimi, a rubuta takardar sulhun, kafin a je gaban alƙali.

A zama na biyar a kawo takardun Kofo na gaske waɗanda ba a cika ba: shaidar mallaka ta gado, ta saye, ta kyauta, da yarjejeniyar aro ko jingina. Kowa ya cika guda da sunan ƙirƙira, maƙwabcinsa ya duba masa kuskure. In sakataren Kofo zai iya zuwa ya amsa tambayoyi, ya fi kowane littafi. A zama na ƙarshe kowane ɗalibi ya rubuta rabin shafi: abin da ya gani a taswira, abin da doka ta ce, da abin da yake ganin ya kamata gari ya yi. Wanda ya fi kyau a karanta shi a gaban mai gari.

A lura da kayan da wannan darasi ya ci: tsakuwa, toka, babbar takarda biyu, alƙalami mai kauri, kwafin takardun Kofo, da shafi guda na fassarar doka. An yi labarin ƙasa, an yi tarihi, an yi doka, an yi lissafi da rubutu, ba a sayi littafi ko ɗaya ba.

Da wane harshe

A Gure wannan tambaya ba ta da amsa guda. Dokar 2001 ta lissafa harsunan ƙasa goma, cikinsu har da Hausa da Kanuri da Fulatanci da Tubanci da Tamajak da Larabci, waɗanda duk ana jin su a wannan yanki. Kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Koyarwa da harshen gida kuwa ba baƙon abu ba ne a jahar nan, domin a birnin Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973.

Ƙa'idar ita ce mutum ya yi tunani da gardama da harshen da ya fi iyawa. A ƙauyen Mangawa, inda mata da yawa Hausarsu ta kasuwa ce kawai, in aka tilasta tattaunawa da Hausa to an rufe bakin rabin aji, kuma rabin da ya fi sanin rijiya da itace da farashin tiya. A irin wannan wuri a tattauna da Kanuri, a yi rubutu da harshen da aka koyi baƙaƙe da shi. A cikin gari, inda aji ya haɗa kabilu, Hausa ce take haɗa kowa. Faransanci kuma a shigo da shi daidai bukata, tun da har yanzu yawancin takardun ofis da shi ake cika su: ɗalibin ajin gaba ya gane inda aka rubuta suna, da ranar haihuwa, da wurin sa hannu, kada ya dangwala yatsa a kan abin da bai sani ba. Wanda ya iya ajami kada a ce masa jahili. A bar shi ya riƙa ɗaukar bayaninsa da ajami yayin da hannunsa yake sabawa da boko.

Yadda ake auna littafi

Nijar ta daɗe tana buga kayan karatun manya. Tun farkon shekarun 1960 aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci, wadda ta riƙa fitar da ƙananan littattafai da jaridu cikin harsunan ƙasa, irin su Ganga. A 1974 aka kafa cibiyar INDRAP mai tsara littattafan makaranta. Ƙungiyoyi masu zaman kansu su ma sun buga nasu, ga kuma littattafan Hausa masu shigowa daga Kano da Zariya. Matsalar ba rashin littafi ba ce kawai, har da rashin tantancewa.

In littafi ya zo hannun kwamiti, abu na farko a duba shekarar da aka buga shi, domin ilimin zaman jama'a yana tsufa da sauri fiye da lissafi. Littafin da aka buga bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 zai yi bayanin kansiloli da magajin gari zaɓaɓɓe, alhali a 2024 an rusa majalisun, aka naɗa jami'an riƙo. Taswirar da ta girmi 2011 za ta nuna Taskar a cikin Gure. Irin wannan littafi ba a yar da shi, amma malami ya gyara da alƙalami a gefen shafi, ya kuma mayar da canjin abin darasi. Littafin Najeriya kuwa yana da daɗin karatu, yana ƙara wa mutum Hausa, sai dai dokokinsa da hukumominsa da kuɗinsa na wata ƙasa ne, kuma rubutunsa ya ɗan bambanta da namu, misali inda muke rubuta ƴ su suna rubuta 'y. A faɗa wa ɗalibai wannan tun farko.

Abu na biyu, a gwada shi. A ba ɗalibai uku, mai ƙarfi da matsakaici da mai rauni, su karanta shafi guda da babbar murya, sannan su rufe littafin su faɗi abin da suka ji. In matsakaicin ya yi tuntuɓe fiye da sau biyar ko shida a shafi, ko ya karanta sumul amma ya kasa faɗin ma'ana, littafin ya yi nauyi ko fassararsa ba ta yi Hausa ba. Wannan na biyun ya fi yawa: kalmomi na Hausa, ginin jimla na Faransanci. A duba girman baƙaƙe kuma, domin yawancin waɗanda suka wuce shekara arba'in idonsu ya fara gajiya, kuma da yawa da fitila suke karatu. A nuna hotunan ba tare da bayani ba a ji ko an gane su.

Abu na uku ya fi wuya, shi ne a duba wa littafin ya ɗaukaka, wa ya manta. Littafin tarihin da ya ba da labarin Damagaram daga fada kawai, Muniyo da Kutus ba su fito ba sai a matsayin waɗanda aka ci da yaƙi, zai sosa wa wasu rai a aji. Wanda ya nuna makiyayi kullum a matsayin mai ɓarna, ko bai nuna mace tana komai ba sai daka, shi ma haka. Ga malamin da ke jin Faransanci akwai littafin André Salifou a kan Damagaram a ƙarni na 19, wanda ya fito a 1971, da na Maikorema Zakari a kan tarihin Mangari, na 1985. Sun fi ƙarfin a miƙa wa ɗalibi, amma malami zai iya ɗebo shafi guda ya mayar da shi Hausa ko Kanuri mai sauƙi, a ajiye shi kusa da abin da dattawan gari suka faɗa. In bakin biyu suka saɓa, kada a yi saurin cewa na littafi ne daidai. A tambayi wa ya faɗa, yaushe, kuma me yake karewa. Batun bauta da asalin dangi yana cikin tarihin yankin nan, kuma dokar 2003 ta mayar da bautar da mutum babban laifi. A koyar da shi a matsayin tarihi da doka, amma malami ya hana a kama sunan gidan kowa.

Rediyo da salula

Sauraron rediyo a ƙungiya tsohuwar dabara ce a Nijar, tun kulob-kulob ɗin rediyo na farkon shekarun 1960. Har yanzu tana aiki: a saurari shiri na minti goma, a kashe, a tattauna, a rubuta tambaya guda a aika wa gidan rediyon. Salula ta ƙara sauƙaƙa abin, tun da ana iya naɗar muryar dattijo ko ɗaukar hoton taswirar da aka zana a ƙasa kafin iska ta share ta, bayan an nemi izinin mai magana. Saƙonnin murya da ke yawo a WhatsApp su ma kayan darasi ne masu kyau: a kawo guda a aji, a bincika wa ya fara aiko shi, ina hujjarsa, wa zai ci riba in an yarda da shi. Amma kada a gina manhaja a kan na'urar da ke bukatar caji da kuɗin intanet, domin ranar da batir ya mutu darasi ya mutu.

Lokaci da wurin ajiya

Galibin cibiyoyi da rani suke aiki, lokacin da samari da yawa suka tafi ci-rani, makiyaya kuma suna can wajen rijiyoyi. Saboda haka gara a yanka manhaja gunduwa-gunduwa, kowane batu ya ƙare cikin mako biyu, yadda wanda ya yi tafiya zai dawo ya shiga sabon batu ba tare da ya ɓace ba. Mata su ne za su faɗi sa'ar da ta dace da su, kuma kada a sa darasi ranar kasuwa. In ana ganin mata ba sa magana a gaban surukai da maza, a raba ƙungiyoyin tattaunawa, kowace ta kawo rahotonta a rubuce.

Abin da aji ya rubuta da kansa, wato taswirori da jerin shekaru da labaran dattawa da fassarar dokoki, a ɗinke shi wuri guda a sa masa bango, a rubuta sunan gari da shekara, domin shi ne littafin da ajin baɗi zai fara da shi. A ajiye shi tare da sauran littattafai a akwatin ƙarfe saboda gara da ɓera da ruwan damina, a ɗora akwatin a kan duwatsu ko benci. Kwamiti ya zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su riƙe makulli da littafin aro, inda za a rubuta sunan mai ara da ranar ɗauka da ranar mayarwa. Akwatin ya riƙa buɗuwa ko da sau ɗaya ne a mako, har a cikin damina lokacin da cibiya take rufe.